Shekarar da Babanku Ya Daina Ganin Ja

Da sunan Allah nake ci gaba da wannan rubutu, kamar yadda na fara shi. Wannan babin na daɗe ina kauce masa. Na ba ku labarin ƙuruciyata a Bugaje, na ba ku na makaranta da na aure, amma duk sa'ad da na iso nan sai hannuna ya yi nauyi, in ajiye biro in tafi tankaɗe. Abin da ya dawo da ni kansa magana ce da na ji ranar Babbar Sallar da ta wuce. Kuna tsakar gida, 'yar'uwarku Bilki tana suya, ni ina ɗaki ina jan carbi, kun ɗauka barci nake. Babban yayanku ya ce da ban faɗa wa babanku maganar idonsa ba, da ya ƙara shekaru yana aikinsa, da bai zauna kan tabarma ya rame ba. Bilki ta ce masa ya rage murya. Ba wanda ya ce masa ba haka ba ne. Ban yi fushi ba, Allah shi ne shaida. Gajiya kawai na ji ta sauko mini, irin wadda ba ta barin mutum ya tashi ya kare kansa. To ga shi yanzu na samu ƙarfi, zan faɗi yadda abin ya kasance, don duk kuna makaranta ko wurin aiki a lokacin, ba wanda ya gani da idonsa.

Kun san zaurenmu shi ne shagonsa. Tun kafin a haife ku yake zaune a wannan benci, yana fuskantar titin da manyan motoci ke bi su nufi boda, ƙarfen narka dalma a hannun dama, ƙamshin hayaƙinta ya kama rigunansa har sabulu ya gaji ya bar shi. Rediyo ya fara gyarawa, daga baya aikinsa ya koma amfilifaya da lasifika: na masallatai, na masu wa'azi, na masu tallan magani a kasuwa. Daga Riko ake kawo masa, daga ƙauyukan tsallaken iyaka ake kawo masa. Kayan gyara kuwa wani Alhaji Usumanu ne na Maraɗi yake zuwa masa da su cikin jakar fata, yana kiransu piyas, su zauna su sha shayi suna musu a kan wane ne ya fi wani tsufa. A shekarar da nake ba ku labari an rufe boda. Motoci suka tsaya jere har ciyawa ta fito ƙarƙashin wasu, Alhaji Usumanu ya daina zuwa, hanyar Katsina ma ba daɗi, kowa ya fita sai an yi ta addu'a har ya dawo. Gari ya yi sanyi. Abin da ya rage wa babanku na kayan aiki shi ne abin da ke cikin gwangwanayensa.

Ana cikin watan Sha'aban Malam Idi ladan ya zo. Abokinsa ne tun na yarinta, shi ke kula da na'urar masallacin unguwarmu. Ina bayan labulen ƙofar zaure ina tsince shinkafa, duk maganarsu a kunnena. Matsalarsa ita ce tafsirin azumi. Alaramma mai jan baƙi yana son amsa-kuwwa a muryarsa, abin nan da suke ce wa eko, don karatu ya cika masallaci ya yi zurfi. Liman kuwa ya tsufa, muryarsa ta yi rauni, in aka bar masa ekon sai kalmominsa su hau juna, na bayan sahu ba sa fahimtar fassara. Na'urar tana can ɗakin ajiya, su kuma suna gaban mihrabi. Bara haka Malam Idi ya yi ta safa da marwa tsakanin aya da fassara, yana ƙarawa yana ragewa.

"Gwiwata ta ƙi, Lawal," in ji shi. "Ka yi mini abin murɗawa mai doguwar waya, in aje shi gefena. Alaramma ya ja in buɗe, Liman ya karɓa in rufe."

"Kai dai ka ce ƙiba ta hana ka tashi," in ji babanku.

"Ƙibar mi? Wa ya ga tuwon ƙiba bana? Za ka iya ko in nemi yaro?"

"Nemi yaron. In ya ƙone maka masallaci ka dawo."

Suka yi dariya, aka tsayar da magana a kan kafin ganin wata.

Sai in ɗan yi muku bayanin aikin, yadda shi ya yi mini, don in ba ku gane shi ba ba za ku gane sauran ba. Abin da ke yin ekon wata 'yar baƙar aba ce mai ƙafafu kamar kyankyaso, ba ta kai ɗan yatsa ba, suna ce mata ai-si. Ɗaya daga ƙafafunta ita ke karɓar umarni: in wutar da ta iso mata kaɗan ce eko ya yi ƙasa, in ta ƙaru eko ya ƙaru. Amma iyakar abin da ƙafar za ta iya ɗauka bolt biyar ne. Abin murɗawan Malam Idi kuwa daga batirin solar masallaci zai sha, mai bolt goma sha biyu, wanda in rana ta take yakan haura sha huɗu. Babanku ya ce mini in tuna noman rani a bakin dam. Ba a sakin ruwan babbar kwata kai tsaye cikin fangalin da aka yafa iri, sai ya tafi da irin. Sai an raba shi, kashi biyu su wuce, kashi ɗaya ya shiga. Masu raba wutar 'yan ƙananan abubuwa ne biyu kamar ƙwayar shinkafa, rasista, kowace da zoben launi a jikinta, kuma da launin ake sanin girmanta. Ta sama dole ta ninka ta ƙasa. Ta sama zobenta na farko ja ne, ta ƙasa nata ruwan ƙasa. Sauran zobban duk iri ɗaya ne, baƙi da ruwan goro. Wannan bambancin kaɗai ke tsakaninsu. Na san launukan nan tun ina amarya, don a lokacin in an kawo masa kaya a cakuɗe ni nake zama in ware masa su cikin gwangwanaye, yana tsokanata wai ga amfanin auren 'yar sakandare.

Ai-si uku suka rage masa. Ta farko ta ƙone ran da ya fara gwaji. Ina madafi na ji wani wari kamar an sa roba a wuta, na leƙa, na tarar yana fifita allon da ya haɗa kayan a kai da hularsa. Ya ce jabu ce, kayan yanzu ba amana. Bayan 'yan kwanaki ta biyu ta bi ta, da tsakar rana, yana murɗa abin zuwa ƙarshe. Ya ce batirin da ya aro ne ya yi yawa. Amma ni na daɗe ina ganin abubuwa. Na ga yana zuba shayi a gefen kofi ya yi sauri ya goge da hannun riga. Na ga ya daina karanta lambobin mitarsa ta auna wuta, sai ya ɗora wayoyin ya yi jim kamar mai dubawa ya ajiye. Na ga yana fitowa bakin ƙofa ya ɗaga rasista sama yana juya ta cikin haske, yana matse ido, ya daɗe, sannan ya koma. Ran nan na ɗaura jan zanena da ya saya mini da kansa, ya ce yaushe na yi wannan mai ruwan ƙasa. Duk na tattara na ajiye a raina, ina cewa tsufa ne, kowa zai je.

Da ya tafi sallar la'asar na shiga share zaure kamar kullum. Allon yana kan benci, ƙonanniyar ai-sin a gefensa ta kumbura ta tsage. Ban yi niyyar dubawa ba, idona ne ya faɗa. Rasista biyun suna nan inda ya liƙe su, liƙin nan nasa mai kyau, sumul kamar ɗigon ruwa. Ta ƙasa ruwan ƙasa. Ta sama ma ruwan ƙasa. Maimakon kashi ɗaya cikin uku, rabin wutar yake aika wa ƙafar. Na zauna a kan bencinsa da tsintsiya a hannu.

Kada ku ɗauka ban nemi wata hanya ba. Na yi tunanin in juye gwangwanin in bar jajayen kaɗai a inda hannunsa ke zuwa, ya ɗauka ya liƙe, aiki ya yi, ba wanda ya ji kunya. Na kwana biyu da wannan tunani. Amma ba ai-si kaɗai yake taɓawa ba. Yana buɗe injin da wutar janareta ke ciki, inda waya ja da waya ruwan ƙasa ba wasa ba ne. In na rufa masa yau, gobe ina madafi wa zai rufa masa? Kuma ai-si ɗaya ta rage. In ta ƙone, ba Maraɗi, ba Alhaji Usumanu, azumi zai kama, duk unguwa za ta san Malam Lawal ya karɓi aikin masallaci ya kasa. Mutumin da bai taɓa mayar da aiki ba. Na yi istihara, na roƙi Allah ya sa mini kalmar da ba za ta yanke shi ba. Ban samu irin wannan kalmar ba. Ina ganin babu ita.

Na same shi bayan ya karya kumallo, ya fito da ai-si ta ƙarshe ya ɗora a kan farar takarda. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Malam, kafin ka sa wannan, ina da magana."

"Ina jin ki, Ta Bugaje." Haka yake kirana, kun sani.

"Ta saman nan da ka liƙe ba ja ba ce. Ruwan ƙasa ce. Duka biyun iri ɗaya ne."

Bai juyo ba. "Mi kika ce?"

"Na ce idonka, Malam. Ya daina raba maka ja da ruwan ƙasa. Ba jabu ba ne, ba batir ba ne. Na daɗe ina gani."

"Kin daɗe kina gani."

"Na daɗe."

"To tunda kin iya, ga benci."

Ya tashi ya saka takalmansa ya fita. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, in na ce sannu ya ce yauwa, shi ke nan. Zaure a rufe. Yakan zauna a dakalin waje yana kallon motocin da ba sa tafiya. Malam Idi ya zo ya tambaya, ya ce masa ana nan ana yi. Ya sake zuwa, ya ce masa kai ka cika gaggawa. Ni kuma ina ciki ina surfe, ina jiƙa gero na kunun azumi, ina jin kamar na ɗauki dutse na ɗora wa mutumin da bai taɓa ɗora mini ko tsinke ba. Sau da yawa na ɗauki ƙafa zan je in ce masa na yi kuskure, ƙila hasken zauren ne ya ruɗe ni. Sai in tuna ƙarya ce, in koma in zauna.

Ana saura kaɗan a fara duban wata, da hantsi, na ji ƙarar kwaɗon zaure. Can sai ya yi gyaran murya.

"Ta Bugaje. In kin gama abin da kike, zo ki duba mini wani abu."

Ban gama ba, amma na wanke hannu na tafi. Ya juye gwangwanin a kan farar takarda, ya matsa gefe ya bar mini wuri a benci. Tun ina amarya rabon da in zauna nan tare da shi.

"Ciro mini ja, baƙi, ruwan goro."

Na ciro na sa masa a tafin hannu. Ya juya ta, ya kai ta kusa da ido, ya yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba.

"Wanga ja ce?"

"Ja ce, Malam."

"To. Allah mai iko."

Iyakar abin da ya ce mini kenan a kan saɓaninmu, har ya koma ga Allah bai ƙara ba. Ya cire tsohuwar, ya liƙe sabuwar. Hannunsa ya san hanya, ni dai ina cewa ɗan matsa dama, ɗan ɗaga sama. Sannan ya ce bai yarda da rabon wuta kaɗai ba, tunda abin da ya faru ya faru. Yana son mai gadi. Akwai wata 'yar aba mai kamar gilashi, dayod, wadda in wuta ta haura biyar sai ta buɗe ta zubar da rarar, kamar bakin da ake yi wa dam don in ya cika ruwa ya samu mafita. Nasa sun ƙare. Muka jawo allunan tsofaffin talabijin daga ƙarƙashin benci, ƙura ta turnuƙe mu, ina karanta masa 'yan lambobin da ke jikin kowace da gilashin ƙara girma, yana cewa ba ita ba, wuce, ba ita ba. Bayana ya ƙage, idona ya yi ruwa. Da muka samu ya ce in duba wane gefe ne zoben baƙi yake, don in aka juya ta ba gadi za ta yi ba.

Na ɗauka zai sa ai-sin a lokacin. Ya ce a'a, sai rana ta take, lokacin da batir ya fi ƙoshi, a gwada a mafi munin hali. Muka zauna muna jira, muna jin masu babura suna wucewa. Da inuwa ta dawo ƙarƙashin bango ya haɗa batir, gurbin ai-sin yana nan wayam. Ya ba ni wayoyin mita, ya kama hannuna ya kai jar a kan ramin ƙafar nan, baƙar a inda ya nuna.

"Karanta mini, kada ki rage kada ki ƙara."

Ya fara murɗawa a hankali. Ina cewa ɗaya, biyu, biyu da rabi, uku, huɗu. Ya kai ƙarshe har abin ya tsaya.

"Huɗu da ɗigo takwas."

"Ba ta motsi?"

"Ba ta motsi."

Ya mayar, ya sake murɗawa da sauri kamar yadda ya san Malam Idi zai yi. Ya girgiza doguwar wayar, ya taka ta. Lambar ba ta wuce inda ta tsaya ba. Sai ya cire batir, ya ɗauko ai-sin ta ƙarshe, ya yi bisimilla, ya miƙo mini.

"Akwai ɗan tsagi a kanta. Tsagin ya kalli ƙofa. Ke za ki sa."

Na danna ta a gurbinta. Ya haɗa wuta. Na tsaya ina shaƙar iska, ina jiran warin roba. Ba wari. Ya ɗauki makirfo ya yi sallama a ciki, muryarsa ta fito a bushe, tsaf. Ya murɗa, ya karanta Fatiha, sai zauren nan namu mai cike da ƙura ya zama kamar babban masallaci, kowace aya tana tafiya tana dawowa. Ya rufe, ya buɗe, ya rufe. Na juya baya na share fuskata da bakin mayafi.

Bayan la'asar Malam Idi ya zo. Na tashi zan shige ciki, babanku ya ce in tsaya, sai na tsaya bayan labule. Malam Idi ya gwada abinsa, ya yi kabbara, ya ce bana zai yi tafsiri a zaune kamar hakimi. Ashe ya taho da wata amfilifaya a bayan babur, ta wani masallaci a Riko, wai tana ƙara kamar ana yanka akuya.

"Wannan kuma ba gaggawa, ko bayan Sallah."

"Mayar da ita, Idi. A kai Katsina in hanya ta yi kyau."

"Kai, bar wasa. Fushi kake don na matsa maka?"

"Ba fushi. Idona ya tahi. Wanga da kake riƙe da shi, hannuna ne ya yi, amma ba idona ba ne. Shi ne na ƙarshe."

Malam Idi ya naɗe doguwar wayar. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce akwai asibiti, ya ce abubuwan da ake cewa. Ya ɗaure kayansa ya tafi, ban ji ya tayar da babur ɗin ba sai da ya yi nisa da turawa.

Na fito na ce, "Malam, ai ba sai ka rufe ba. Ga ni. Zan riƙa duba maka, kamar yau."

"Na sani za ki yi," in ji shi. "Za ki bar girki ki zo, ki bar barcin rana ki zo, ba za ki ce kin gaji ba. Amma yau launi ne. Ɗazu da nake liƙin nan, bakin ƙarfen ma lalube nake. Wata rana zan ƙone kayan mutane kina tsaye a gefena, a ce matarsa ce ta karanta masa ba daidai ba. Ni an san ni, in na ɓata a yafe mini. Ke ba a san ki da wannan ba. Ban yarda a ɗora miki ba."

Ya lalubi murfin kowane gwangwani ya rufe, ya naɗe wayar ƙarfen dalma a jikinsa yadda yake yi kowace yamma, ya rataye.

Bayan Sallah mun je asibiti, yayanku ne ma ya kai mu. Suka ce ciwon ya daɗe yana cin jijiyar idon, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe sauran da magani. Gaskiya ne ya zauna kan tabarma. Gaskiya ne ya rame, don mutumin da ya saba da aiki zama ciwo ne a gare shi, kuma ni na fi kowa ganin haka, ni nake gyara masa wuyan riga. Ba na ce muku maganata ba ta yi masa zafi ba. Ta yi, ni ma ta yi mini, har yau in na tuna yadda ya sa takalmansa ya fita sai ta dawo mini sabuwa. Amma a azumin nan kullum da yamma sai ya sa in shimfiɗa masa a tsakar gida, inda lasifikar masallaci ke isowa. Alaramma ya ja, murya ta cika unguwa. Liman ya karɓa, kalma ɗaya ɗaya, har tsofaffin cikin gida suna ji. In Malam Idi ya makara wajen rufewa, sai babanku ya yi tsaki ya ce, ji shi, yana zaune ma ya kasa.

Wannan shi ne abin da ba ku gani ba. Ni na faɗa masa idonsa ya tafi, kuma da za a mayar da ni ranar, zan sake durƙusawa a bakin ƙofar nan in faɗa. Shago kuwa ba ni na rufe masa ba, ba kuma kunya ce ta kore shi ba. Shi ya rufe abinsa da hannunsa, ranar da aikinsa na ƙarshe ya yi kyau. Allah ya jiƙansa, ya haskaka masa kabarinsa. Ku ce amin, ku bar maganar haka nan.